Kura Ba Ta Da Lauya

Akwai maganar da ba ma yi a gaban mazajenmu, ba don nauyinta ba, sai don kada mu ba su abin dariya na mako guda. Irin wannan mukan adana ta sai bayan isha'i, in an ɗauke wuta zafi ya koro kowa daga ɗaki, mu baje tabarma a tsakar gida mu kwance bakin jaka. Gidan haya ne a Zangon Agege, ba nisa da layin dogo, unguwar da fataken goro suka raya tun bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912. Mu biyar ne 'yan tabarmar. Akwai Goggo, wadda aure ya kawo ta daga wani ƙauye na ƙasar Bauchi tun ba a haife mu ba. Akwai Malama mai koyar da 'yan firamare, da Maman Biyu mai tuyar waina, da Amarya, haifaffiyar nan, wadda in ranta ya ɓaci da Yarabanci take faɗa. Sai ni, da suke tsokana da 'yar jarida saboda yawan rubuce-rubuce.

Maman Biyu ce ta rage murya. "Zan faɗa muku wani abu, amma don Allah kada ya wuce tabarmar nan. Kun san littafin dabbobin nan da na saya wa 'yan biyu wajen masu gwanjon littattafai a Yaba? Na masu cin nama?"

Wa bai san shi ba? Duk yaran gidan sun taɓa shi har bangonsa ya rabu. Na Turanci ne, takarda mai sheƙi, kowane shafi da dabbar da ta wage baki: farin beyar na ƙasar ƙanƙara, damisar Indiya mai ratsi-ratsi, mikiyar Amurka mai farin kai, kifin shak da haƙora jeri-jeri. Yara sun haddace su kaf, har da nauyin kowace da gudunta.

"To jiya ina yi musu tatsuniyar Gizo da kura, sai macen ta dube ni ta ce, wai Mama, kura da gaske akwai ta, ko ita ma irin su Dodo ce? Wallahi kunya ta rufe ni. 'Yar Bahaushe fa!"

Goggo ta yi salati ta tafa hannu. "Kura? Kurar ce ake tambaya ko akwai ta? Ke 'yar nan, mu da muka yi barci da kukanta a bayan danga! In ta yi kukan nan mai hawa sama, jakuna su hau tsuma, karnuka su shige ƙarƙashin rumbu. Da safe mu bi sawunta. Na gaba ya fi na baya girma, haka ake gane ta, don ƙafafunta na gaba sun fi tsawo da ƙarfi, shi ya sa take tafiya a ɗosane. Kashinta fari fat, saboda ƙashin da take taunewa. Har akuyata ta taɓa ɗauka, ja mai farin goshi, wadda kakata ta ba ni. Ban yafe ba."

Malama ta ce ai kurar tana cikin littafin. An tura yaro ya ɗauko, aka haska da fitilar waya. Ga ta kuwa, a lungun shafin zaki, 'yar ƙarama, ta sunkuyar da kai tana jiran a ci a rage mata. Yarinyar ta sha ganin hoton, ba ta dai taɓa zaton ita ce kurar da Gizo ke yi wa wayo ba. Littafin bai gaya mata ba, mu ma ba mu gaya mata ba.

"Kun gani," in ji Malama, ta gyara zama irin na masu shirin darasi, "ko a nan ma an zalunce ta."

"An zalunci wa?" in ji Goggo.

"Kura, Goggo."

"Yau na ji abin da ya fi ƙarfina."

Malama ba ta ja da baya ba. Ta ce wannan zance na cewa kura matsoraciya ce mai jiran mushe, wani Bature ɗan ƙasar Holan mai suna Hans Kruuk ya rushe shi tun tuni. Shekaru ya yi yana bin kuraye cikin dare a Ngorongoro da Serengeti na ƙasar Tanzaniya, ya fitar da littafinsa a 1972. Abin da ya gani shi ne, yawancin naman da kura mai dabbare-dabbare ke ci ita ta kashe abinta. Sukan haɗu su bi jakin dawa su yi ta gudu har dabbar ta gaji. Sau da yawa kuma zaki ne ke zuwa ya kore su ya ƙwace. Gari na wayewa sai masu ɗaukar hoto su tarar da zaki a kan nama, kuraye a gefe suna zagaye, sai a rubuta cewa sarki ya yi farauta ɓarayi na jira.

Maman Biyu ta fashe da dariya. "Ashe har a daji, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"Bari ma ki ji," in ji Malama. "A wajensu mace ce shugaba. Ta fi namiji girma, ita ke fara ci, 'ya'yanta su bi baya, shi gogan sai abin da ya samu. Tana shayar da ɗanta fiye da shekara. Kuma duk wannan sura tata ta kare, ta fi kusa da dangin kyanwa da tunku."

Amarya ta ce in dai haka ne ita ta koma bayan kura daga yau. Goggo ta ce ai dama 'yan Legas ba su san ciwon akuya ba.

Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne, kuma na faɗa musu. Ba mu rasa dabbobi a bakinmu ba. Hausa cike take da su: damisa ƙi sabo, dila sarkin wayo, mage mai kwanciyar ɗaukar rai, kura da aka ba ajiyar nama. Tatsuniyoyinmu ma an tattara su an buga, tun daga na Frank Edgar a farkon ƙarnin da ya wuce har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a 1971, ga dabbobin Magana Jari Ce. Amma kurar tatsuniya ba kura ba ce, mutum ne mai haɗama aka sa wa fatar kura. Zakin tatsuniya sarki ne, dila malami ne ko dillali. Tatsuniya halin ɗan Adam take koyarwa, kuma ta iya aikinta, ba ni da ƙorafi a kanta. Da can yaro yana jin tatsuniyar da dare, da safe ya bi sawun dabbar da idonsa, sai daji ya gyara masa abin da tatsuniya ta ƙara gishiri. Yaron Agege tatsuniyar kaɗai ta rage masa, dajin babu. Abin da zai tsaya masa a madadin daji shi ne littafi mai hoto, shi kuwa wanda ke hannunsa na dajin wasu ne, da harshen wasu.

Kuma kada a ce ba a taɓa yi ba. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah a Zariya, aka fara fitar da shi a 1949, bayanin halittu iri-iri da Hausa tsantsa, don 'yan makaranta. Iyayenmu da suka yi elemantare a Arewa sun karanta shi. Tun kafin wannan ma, malaman zaure sun san Hayatul Hayawan na Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, wanda ya jera dabbobi bisa haruffa yana faɗin halin kowace da hukuncin cin namanta. Hanyar dai an share ta, mu ne muka bari ciyawa ta rufe. Shekara fiye da 70 bayan Ikon Allah, ki shiga kasuwar Agege ki ce a ba ki littafin yara mai launi na dabbobin ƙasar Hausa da Hausa, ki ga irin kallon da za a yi miki.

Amarya ta ce ita fa tsoronta ɗaya. "Yaya, in aka zana zaki yana yaga barewa, jini ko'ina, ai yaro sai ya yi ta firgita cikin barci."

Maman Biyu ta kalle ta sheƙeƙe. "Wane yaron? Nawa da suke riƙe ƙafar rago ranar layya suna rigimar wa za a ba mafitsara ya hura? Waɗanda in babansu ya tafi da su mahautar Oko-Oba sai an yi da gaske suke yarda su dawo? Haba Amarya."

Malama ta ce gaskiyar Maman Biyu, amma ita ma Amarya ba ta yi ƙarya ba, don akwai bambanci tsakanin nuna gaskiya da neman tayar da hankali. Littattafan waje, in ji ta, kashi biyu ne. Na ƙananan yara sai a zana zaki yana murmushi ya rungumi ɗan rago, kai ka ce ganye yake ci. Na manyan yara kuma sai haƙori da farce da jan launi, wane ya fi wane kisa, tamkar gasar dambe. Duka biyun sun ɓoye abu guda, wato yunwa. Zakanya, wadda ita ce ke yawancin farautar gidan, in ta fita sau 4 ko 5 da ƙyar take kamawa sau 1. Sauran duk barewa ce ke tsira. Ɓauna na iya karya mata haƙarƙari, jakin dawa na iya fasa mata muƙamuƙi da harbi, kuma zakanyar da muƙamuƙinta ya karye ta gama yawo. 'Ya'yan zaki da yawa ba sa kai shekara biyu. Wannan barcin da suke yi, wani lokaci har awa 20 a yini, tattalin ƙarfi ne. In yaro ya san haka, ba zai ɗauki mai farauta mugu ba, ba zai kuma ɗauke shi jarumin fim ba. Zai gane uwa ce ta fita nema.

Goggo ta yi shiru, sannan ta ce, "Bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana shi abinci. Shi ya ɗora mata cinta a kan haka." Ta ɗan tsaya. "Amma ban da akuyata."

Daga nan hira ta koma kan in da mu ne za mu yi littafin, da wace dabba za a fara. Maman Biyu ta ce zaki mana, manyan dawa. Na ce a'a, kuma a nan ne na kafe. Da shirwa za a fara.

Dalilina shi ne, duk yaron da ke Agege in ya ɗaga kai da rani zai gan ta. Tana nan tana shawagi a saman mahauta da bola da kasuwa, da baki rawaya da wutsiya mai gwafa, tana karkata wutsiyar tana juyawa ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Ta iya sauko ta fizge tsoka daga faranti ko ɗan tsako daga bayan uwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ta ci fara a sama tana tafe. Kuma 'yar ci-rani ce irin mazajenmu: da rani tana nan kudu, damina na kankama sai ta yi arewa. Yaron da aka nuna wa wannan a shafi, gobe ya fita ya gani da idonsa cewa littafi bai yi masa ƙarya ba, ya samu abin da farin beyar ba zai taɓa ba shi ba. Ya gane cewa abin da ke cikin littafi yana nan a duniyar da yake takawa. Daga ranar zai fara duba abubuwa da kansa.

Malama ta karɓe. Ta ce ai in aka bi ta nan, mafarauta sun cika gidan nan. Ga ƙadangare a kan katanga yana lafewa kafin ya wawuri tururuwa. Ga gizo-gizo a kusurwar banɗaki, wanda har sura guda ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansa, yana jin motsin ƙuda ta zaren saƙarsa. Ga ƙoƙi-ƙoƙi da ke naɗe hannu tana jira. Ga mazari da ke yawo kan kwata da damina, wanda masu bincike suka auna suka ga yana kama fiye da 9 cikin 10 na abin da ya bi, abin da zaki ko a mafarki bai isa ba, kuma sauro na cikin abincinsa tun yana tsutsa a ruwa. Ga hawainiya mai harshe da ya fi jikinta tsawo, kowane ido na kallon gabansa. Ga magen Goggo.

"Ku bar min mage," in ji Goggo. "Ita kaɗai ce mai aikin yi a gidan nan."

"Sai mujiya," in ji Malama.

Tabarma ta yi tsit. Amarya ta yi a'uziyya. Goggo ta ce in dai za a sa wannan tsuntsuwa a littafi, to kada a shigo mata da shi ɗaki.

Wannan ita ce rigimar da ta fi tsawo, kuma ita ce ta fi amfani. Kowa ya san yadda muke da mujiya. In ta sauka kan rufin gida ta yi kuka, sai a ce mutuwa ta kira, ko a ce mayya ce ta rikiɗe. Yara su bi ta da jifa, manya su sa musu albarka. Malama ta ce ita a ajinta ta taɓa raba yara da ɗan mujiya da suka ɗaure wa ƙafa da zare suna ja. Ta ce, ku dubi halittar nan da idon basira. Fuskarta faifai ce mai tattara sauti zuwa kunne. Kunnuwan ba a daidai suke ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya sama, don haka tana gane inda ɓera yake ta motsinsa kawai, ko da duhu ya kai duhu. Gefen gashin fiffikenta laushi gare shi, tana tashi ba a jin ƙara. Idonta ba ya juyawa a gurbi, shi ya sa take juya wuya har ta kalli bayanta, abin da mutane ke gani su ce aljani ne. Kuma abincinta ɓera. Gidan mujiya guda mai 'ya'ya yana cinye ɓeraye fiye da yadda magen Goggo za ta yi mafarki.

"Sai kin taɓo min mage dai."

"Yi haƙuri Goggo. Amma ki tuna zazzaɓin Lassa. Tun 1969 da aka gano shi a garin Lassa na ƙasar Borno, duk rani sai ya ɗauki rayuka a ƙasar nan, kuma ɓera ne ke yaɗa shi, ta fitsari da kashin da yake bari a hatsi da garin rogo. Mu kashe mai cin ɓera, mu sayi maganin ɓera mu zuba inda yara ke rarrafe. Wannan wace irin dabara ce? Kuma ai kin fi ni sani, addini ya hana camfi da tsuntsu."

Goggo ta ce ta sani, amma sani daban, tsigar jiki daban. Na ga gaskiyarta. Ba a cire wa mai shekara 70 abin da aka dasa mata tun tana goye. Amma jikarta fa? Ita ba a gama dasa mata ba tukuna. Shafi guda mai kyau, da mujiya ta buɗe fiffike ɓera a ƙafarta, da layi uku na Hausa mai daɗi, ya isa ya sa dutsen ya tsaya a hannun yaro. Ungulu ma da mun yi mata haka da wuri, wataƙila da ba ta ɓace daga mahautanmu ba. Ita ba ta farauta, shara take mana kyauta, amma masu tsibbu sun bi kanta da ƙwanta har ta zama abin nema. Goggo da kanta ta shaida cewa da can ba a yanka a mahauta ungulu ba ta sauka ba, yanzu kuwa ta manta rabon da ta ga ko ɗaya.

Zakin fa, in ji Maman Biyu, ko an fasa? Na ce yana nan, amma a ƙarshen littafi, kuma da gaskiyarsa. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce wajen 400 ba, mafi yawansu a dazukan W da Arli da Pendjari, inda Nijar da Burkina Faso da Benin suka haɗa iyaka. A Nijeriya ba su kai 50 ba, a wuri biyu kacal, Yankari da dajin tafkin Kainji. Ƙasar da kowane sarki zaki ne, kowane ɗan dambe da ɗan siyasa zaki ne! Rabbi mai gudun kilomita 100 a awa da kyarkeci mai farauta a garke, su ma sai dai labari a yawancin ƙasar Hausa. Noma ya ci daji, mafarauta sun cinye barewa da gwanki da mai farautar zai ci, in yunwa ta sa ya taɓa saniya makiyayi ya zuba guba a mushe, guba ta kashe zaki da kura da ungulu a zama ɗaya. Makiyayin ma ba za a zana shi mugu ba, saniyar ita ce dukiyarsa.

Muka tambayi Goggo, ita da ta fito ƙasar Yankari, dajin da aka keɓe tun 1956, ko ta taɓa ganin zaki. Ta ce a daji ko sau ɗaya. Gurnaninsa dai ta ji daga nesa tana yarinya, har ƙasa na amsawa. Ganin ido kuwa sai a gidan zu na Kano, yana kwance ƙuda na bin sa. Amarya ta ce ko shi ne wanda ya ƙwace a 2019 ya hana mutanen unguwar barci? Maman Biyu ta ce in ana lissafin masu farauta a ƙasar nan kada a manta da macijin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurdi a 2018, shi ya kamata a ba shafin tsakiya. Sai da aka yi dariya har wani maƙwabci ya yi gyaran murya ta taga.

Amarya ta sake rage murya. Ta ce maigidanta ba ya son hoton abu mai rai a ɗaki. Malama ta ce wannan magana ce ta malamai kuma akwai saɓani a cikinta, ba za ta yanke hukunci a kan tabarma ba. Amma ta tuna mata cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana tana yarinya, har da doki mai fiffike, kuma malamai da yawa sun sassauta a kan abin wasan yara da abin koyarwa. Ta ƙara da cewa farauta da kare ko shaho da aka horar tana cikin Suratul Ma'ida, tana cikin Risala da ake karantawa a kowane zaure, to yaron da bai san shaho ba yaya zai fahimci babin? Ta ce ta je ta tambaya cikin ladabi, kada ta ce Malama ce ta aiko ta.

Saura wa zai zana, da kuma kuɗi. Kuɗin dai kowa ya san labarin. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, takarda daga waje take zuwa da dala, bugun launi kuma ya ninka na baƙi da fari. Maɗaba'u na nan birjik a Shomolu, amma ba sa buga kwafi kaɗan da araha. Malama ta ce akwai African Storybook, wanda aka fara a Afirka ta Kudu a 2014, ana sauke littattafan yara kyauta a waya, har da na Hausa, kowa kuma na iya sa nasa. Akwai Mu Karanta da aka raba a makarantun Sakkwato da Bauchi. Sai dai waɗannan na koyon karatu ne da labarai, kuma ba su iso mu ba. Yaranmu a nan Turanci suke yi a boko, da Yarabanci da dokar jihar Legas ta wajabta tun 2018, da Larabci a Islamiyya. Hausa a kunne kawai take, da yawansu in suka ga ƙ da ɗ sai su tsaya. Don haka littafin sai ya zo da Hausa a sama da manyan baƙaƙe, Turanci a ƙasa da ƙanana. Amarya ta ce a sa sunan kowace dabba da Yarabanci ma, don 'ya'yan maƙwabta su leƙa. Ba wanda ya musa.

Mai zane kuwa, Maman Biyu ce ta warware. Ta ce, "Ku kuna neman mai zane, alhali kullum yana wucewa ta gabanku. Ba ku kallon bayan motocin shanu?"

Wallahi kuwa. Duk motar katako da ta taso daga Potiskum ko Maigatari ko Illela ta sauke a Oko-Oba, dubi allon bayanta: zaki ya danne barewa, mikiya ta cafki maciji, damisa a kan reshe, wani ƙato yana kokawa da kada. Launi kamar ya yi magana. Su ne littafin mafarauta na farko da yaron Agege ke karantawa, a guje, cikin hayaƙi. Masu zanen nan sun san yadda ake sa dabba ta yi kwarjini, sun san launin da ke kama idon Bahaushe. Abin da za a ƙara musu kaɗan ne: a ajiye musu hoton dabbar na gaskiya a gabansu, a ce damisa dabbare-dabbare gare ta ba ratsi ba, don mai ratsin ba ta taɓa zama a Afirka ba, a ce kuma wannan karon a bar barewar ta tsira a wani shafin.

Malama ta ce ita za ta rubuta bayanin, ni in gyara Hausar, Goggo ta ba da kirari da yadda ake gane sawu. Maman Biyu ta ce za ta sa baban 'yan biyu ya tambayi direbobi inda mai fentin yake, amma ba za ta gaya masa dalili ba sai abu ya kankama. Amarya ta kawo shawarar a ware kwasa ɗaya ta adashi. Nan fa aka ɗan yi tsit, don adashin bana kowa ta riga ta yi masa miji.

Goggo ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce ita ta yarda da kura a bango, tunda Malama ta zama lauyarta, amma da sharaɗi biyu. Na farko a zana jar akuya mai farin goshi a shafin, a rubuta cewa ta wani ce. Na biyu, mujiyar nan a kai ta can tsakiya, a kuma gaya mata lambar shafin tun da wuri don ta riƙa tsallakewa.